Zagayen wuraren ibadar Delhi cikin kwana biyu: daga ƙofar masauki zuwa Nizamuddin

Tun da na dawo daga jinyar kawuna a Delhi ake damuna da tambayoyi iri ɗaya, daga masu shirin kai mara lafiya da kuma ɗaliban da suka samu gurbin karatu a can. Wai da gaske ana barin baƙo ya shiga wuraren ibadar mutanen nan? Nawa ake biya? Mace fa? Idan suka miƙo maka abin da suka yi wa addu'a, ya za ka yi? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jero abin daki-daki.

Ana bari, yawancinsu ma kyauta ne. Duk wanda ya yi jinya a can ya san kwanakin nan da likita zai ce a dawo bayan mako guda, ku zauna a ɗaki daga ku sai fanka. Kwana biyu daga ciki sun ishe ka. Shiga ba ta da wuya. Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne takalmi, abin da ke cikin aljihu, da lokacin da aka miƙo musu abu ba su tanadi amsa ba.

1. Yanke iyakarka tun kana masauki

Malamai sun yi magana kan shiga wurin bautar wani addini, bakinsu kuma bai zo ɗaya ba. Ni ba malami ba ne. Tambayi naka kafin ka tashi, idan kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, masallatan Delhi kaɗai sun isa su cinye maka kwana biyun. Abin da ni na ɗaukar wa kaina shi ne na shiga a matsayin baƙo mai kallo: ba na rusunawa, ba na kaɗa ƙararrawa, ba a shafa mini komai a goshi. Babu inda aka tilasta mini ko ɗaya. Ɗan'uwa Kirista ma ya yi wa kansa wannan lissafin.

Kalma biyu za su fitar da kai: "Nahin, shukriya", wato a'a, na gode. Ka faɗa da murmushi, hannun dama a ƙirji. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya ba ma buƙatar a koya mana furucin.

Hattara: ƙin karɓa tun farko ba laifi ba ne a wurinsu. Karɓa sannan ka jefar a kwandon shara ko ka ajiye a ƙasa, wannan shi ne cin fuska.

2. Zaɓi rana

Laraba da Alhamis. Kada ka kuskura ka fita Litinin, domin Akshardham, babban ɗakin bautar Hindu, da ɗakin ibadar Baha'i duk a rufe suke. Talata ranar Hanuman ce, ɗaya daga cikin abubuwan da suke bauta wa, ɗakunan bautar Hindu cike suke maƙil. Juma'a kuwa je ka yi sallarka a Jama Masjid, amma ba ranar yawon kallo ba ce. Lahadi rabin garin ne ke fitowa.

Daga Oktoba zuwa Maris ne lokacin da jiki zai so, sai dai hayaƙin da ke rufe garin daga Nuwamba yana tayar wa masu asma da ciwo, don haka riƙe takunkumi. A Mayu da Yuni zafi na wuce maki 40. Idan a lokacin ka samu kanka, fita ƙarfe bakwai na safe, ka ɓuya da azahar.

3. Shirya jiki da aljihu

Kaftani da wando, ko abaya da mayafi, sun wuce duk wata dokar sutura da za ka tarar. A nan mu ne ke da riba, Turawa ne ake ɗaura wa zani a bakin ƙofa.

Takalmi ya zama silifas na roba mai arha, domin za ka cire shi sau takwas ko goma. Ɗauki leda ko ƙaramar jakar yadi da za ka zuba shi, da safa guda biyu. Namiji ya sa babban hankici a aljihu, na ɗaure kai.

Yanzu zazzage jakarka a kan gado. Kilishi, dambun nama, taba ko sigari, duk su zauna a ɗaki. Bel na fata da walat na fata ma haka, idan da hali. Ni ban yi wannan ba ranar farko. Mai gadin ƙofar ɗakin ibadar 'yan Jain, masu addinin da ya hana kashe duk wani mai rai, ya nuna bel ɗina na cire, ya nuna walat na miƙa wa abokin tafiyata, ina cikin laluben jaka sai ga ƙullin kilishin da muka taho da shi daga gida. Mutanen da ko albasa masu tsantseninsu ba sa ci, ga ni a ƙofarsu da naman shanu. Na maida shi ƙasan jaka da sauri, na bar jakar a waje wurin abokina muka shiga bi da bi.

Kuɗi kuma a canza su zuwa ƙanana, takardun rupi 10, 20 da 50. 'Yan gari da waya suke biyan komai, kai baƙo da wuya ka samu wannan damar, mai ajiye takalmi kuma ba zai taɓa samun canjin 500 ba. Riƙe kwafin fasfo da na biza da katin masaukinka.

4. Hanya

Jirgin Metro shi ne gatanka. Launi ake bi: idan kana Saket ko Gurgaon layin rawaya ne naka, idan kana Lajpat Nagar, Jasola ko Sarita Vihar kana kan layin shunayya, wanda suke kira Violet. A tashoshin da ake canza layi akwai zanen sawun ƙafa mai launi a ƙasa, bi naka kawai. Akwai katin 'yan yawon buɗe ido, rupi 200 na kwana ɗaya da 500 na kwana uku lokacin da na saya. Taragon farko na mata ne zalla, namijin da ya shiga tara zai biya. Ana binciken jaka a kowace tasha, mata a bayan labule.

A-daidaita-sahun da muka sani shi ne dai a can, suna ce masa oto. Yi ciniki kafin ka hau. Idan direba ya ce maka wurin da za ka "a rufe yake yau" amma zai kai ka wani da ya fi shi, sauka. Shagon da ake ba shi lada zai kai ka.

5. Laraba da safe: titin Chandni Chowk

Sauka a tashar Lal Quila misalin ƙarfe takwas. Titin bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, kuma an hana motoci bi da rana, amma a kansa akwai ɗakin ibadar Jain, na Hindu, na Sikh da suke kira gurdwara, cocin Baptist da masallatai biyu. Bi su a jere daga gabas zuwa yamma.

Fara da jan ginin 'yan Jain, Lal Mandir, da ke fuskantar Lal Qila, wato Jar Ganuwa. Dalilin farawa da shi: yana rufewa kafin azahar, sai da yamma ya sake buɗewa. Bar takalmi da duk kayan fata a ƙasa ka hau bene. A harabar akwai asibitin tsuntsaye, na gaske, da keji-keji na tattabarun da suka karye a fiffike, kada ka fita ba ka leƙa ba. Gaisuwarsu "Jai Jinendra". Abu ɗaya da ya kamata mai iyali ya sani tun daga waje: manyan masu zuhudun wannan ɗariƙar ta Digambar ba sa sa tufafi sam, za ka iya ganin hotunansu a bango.

Maƙwabcinsa shi ne Gauri Shankar na 'yan Hindu. Masu sayar da furanni za su tare ka a ƙofa, ba dole ka saya ba. Cire safa a nan, daɓen jiƙe yake da ruwa da madarar da ake zubawa, kuma yana da santsi. Tsaya daga gefe, kada ka shiga layin masu kai sadaka, domin wanda ya shiga layi ya ce yana so ke nan: a ƙarshensa mai hidima zai ɗiga maka jan abu a goshi ya ɗaura maka zare a wuyan hannu. Idan za ka kewaya, bi yadda suke bi, abin da suke bauta wa yana hannun damanka. Hoto a ciki sai ka tambaya. A wasu ɗakunan Hindu da na Jain akwai allon da ke roƙon mace mai al'ada ta dakata a waje.

Gaba kaɗan sai Gurdwara Sis Ganj. Dokokin gurdwara suna mataki na 7, iri ɗaya ne. Sai dai ka san inda kake tsaye: a nan aka sare kan Guru Tegh Bahadur, shugabansu na tara, a 1675, bisa umarnin sarki Aurangzeb. Kai Musulmi za a karɓe ka hannu biyu, amma nan ba wurin buɗe muhawarar tarihi ba ne.

Cocin Baptist yana tsallaken titi, sau da yawa a kulle in ba Lahadi ba. A ƙarshen titin akwai masallacin Fatehpuri, na 1650, mai sanyi da shiru, wurin hutar da ƙafa. Kasuwar kayan yaji ta Khari Baoli na jikinsa. Atishawa kam sai ka yi.

6. Azahar a Jama Masjid

Daga Fatehpuri hau keke mai feda zuwa Jama Masjid. Sarki Shah Jahan ne ya gina shi tsakanin 1650 da 1656, harabarsa na ɗaukar kusan mutum 25,000. Ƙofofi uku ne, kowace da matakala sama da 30. Idan da mara lafiya ka zo, lissafa wannan kafin ka fito da shi.

Haddace lambar ƙofar da ka shiga. Wanda ya bar takalmi a ƙofa ta 1 ya fita ta 3 zai sha zagaye babu takalmi a cikin kasuwa. Mafi sauƙi ka zuba shi a ledarka ka shiga da shi, an yarda. Idan ka bari wurin mai tsaro, rupi 10 ko 20 ne.

Shiga don salla kyauta ne. Baƙon da ya zo kallo da kyamara ko waya ana karɓar kuɗi a hannunsa, rupi 300 lokacin da na je. Idan salla ta kawo ka ce "namaz", ka sa wayar a aljihu, ka kuma cika alkawari. Idan hoto kake so, biya ka karɓi tikiti. Hawa hasumiya kuɗinsa daban, matakalarta sama da 100 kuma ƙunci ne da ita. Ana fitar da waɗanda ba Musulmi ba a lokutan salla, don haka idan ayarinku gauraye ne ku shiga tare kafin azahar ko bayanta.

Ga inda safa ke aiki. Daɓen jan dutse ne, a watan Mayu kamar tandar waina yake. Suna shimfiɗa dogayen ƙyallaye a matsayin hanya, ni kuwa na ce zan yanke zuwa wurin alwala. Taku biyar na yi na dawo ina tsalle. Kawu yana inuwa a zaune, da sandarsa, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, kai da ka yi kiwo ba takalmi a ranar Sakkwato?" Na ce, "Kawu, wannan ba rana ba ce, garwashi ne." Bi ƙyallen.

Mutanen nan Hanafawa ne, kuma za ka ga bambanci. La'asar ɗinsu tana jinkiri sosai fiye da tamu. Amin a ɓoye suke yi, kada ka zama kai kaɗai ka ɗaga murya a sahu. Ba sa son salla kai a buɗe, har kwandon huluna ake ajiyewa a wasu masallatan. Mai sadalu kuma ya shirya wa kallo. Bayan sallama wani dattijo ya dafa gwiwata ya ce, "Shi'a?" Na ce, "Maliki, Najeriya." Ya jinjina kai, ya kira na kusa da shi ya maimaita masa, daga nan sai tambayar ko na je Hajji. Mata suna shiga harabar, suna kuma yin sallarsu daga gefe.

Abincin rana a layin Matia Mahal, daura da ƙofa ta 1. Unguwar Musulmi ce, yanka na halal ne. Jan naman da za a kawo maka na ɓauna ne ko na akuya, saniya ba a yanka ta a Delhi.

7. Yamma a Bangla Sahib

Daga tashar Chawri Bazar bi layin rawaya tasha uku zuwa Patel Chowk, ka ƙarasa da ƙafa ko oto. Kubbar zinariya ta Gurdwara Bangla Sahib za ka fara hangowa. Wannan shi ne wurin da na fi so a duk zagayen, kuma shi ne mai dokoki da yawa, don haka bi su a jere.

Da farko takalmi da safa duka. Ka miƙa ta taga a ba ka lambar ƙarfe. Kada ka ba da ko sisi, waɗanda ke karɓar takalman masu aikin sa kai ne, wani ma attajiri ne ya zo neman lada. Sannan rufe kai, mace da namiji. Mayafi ko hijabi ya wadatar. Namiji ya ɗaura hankicinsa ko ya ɗauki ƙyalle daga kwandon bakin ƙofa, hular hana-salla ba ta shiga lissafi. Wanke hannu a famfo, ka taka ta cikin ɗan ruwan da ke gudana a gindin matakala. Kada ka tsallake shi, don wanke ƙafa aka yi.

Hattara: taba haramun ce mai tsanani a wurin 'yan Sikh. Ko kara ɗaya ba a shiga da shi harabar.

A cikin zauren babu gunki. Littafinsu ne, Guru Granth Sahib, a ƙarƙashin rumfa, ana rera baitoci da kiɗa. Su suna zuwa gabansa su sa goshi a ƙasa. Kai ka ratse gefe ka zauna a kan kafet, ka naɗe ƙafa. Kada ka miƙe ta wajen littafin, kada ka ba shi baya a zaune, kada ka ɗaga waya. A ƙofar fita ana raba wani tuwon alkama mai zaƙi da man shanu, karah parshad, wanda aka yi wa addu'a. Mai karɓa yana haɗa tafin hannu biyu. Wanda ba zai ci ba ya tuna mataki na 1.

Langar kuwa daban ne, shi ne ɗakin cin abinci na kowa da kowa, kyauta, babu mai tambayar addininka. Ana zama a ƙasa sahu-sahu, a ba ka faranti, masu rabo su biyo da bokitan miyar wake, shinkafa da ganye. Babu nama. Gurasa da hannu biyu ake karɓa. Kada ka karɓi abin da ba za ka cinye ba. Za ka iya leƙa madafar, tukwanen sun kai a saka mutum uku a ciki. Daga nan kewaya tafkin, amma kada ka tsoma ƙafa don wasa, ruwan mai tsarki ne a wurinsu tun zamanin Guru Har Krishan, wanda ya zauna a gidan a 1664 yana taimakon masu ciwon agana. Gaisuwarsu "Sat Sri Akal".

Babban cocin Katolika na Sacred Heart yana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna. Ana shiga da takalmi, namiji ya cire hula, a yi shiru. Idan ka tarar ana ibada zauna a bencin baya, kuma layin karɓar jibi na 'yan Katolika ne kawai.

8. Alhamis: Akshardham da Furen Bado

Layin shuɗi ne ke kai ka tashar Akshardham. Iso kafin a buɗe, misalin ƙarfe goma, domin layin ajiye kaya shi ke cin lokaci. An buɗe wurin a 2005, sassaƙar dutsensa abin kallo ce, amma tsaronsa ya fi na filin jirgi. Waya, kyamara, abin saurare na kunne, abin cajin waya, jaka, abinci, babu mai shiga. Ana cika 'yar takarda a ajiye maka su kyauta. Shiga harabar kyauta ne, nune-nunen ciki ne na kuɗi, kuma za ka iya tsallake su.

Gargaɗi ga mai jinya: awa biyu zuwa uku babu mai samunka a waya. Ka bar wa mara lafiyarka lambar wani, ko ku yi karɓa-karɓa. Idan hakan ba zai yiwu ba, bar Akshardham ka je Birla Mandir, shi ma ɗakin bautar Hindu ne, wanda Gandhi ya buɗe a 1939. Can ma ana ajiye waya, amma rabin awa ya isa.

Koma layin shuɗi zuwa Mandi House, canza zuwa shunayya, sauka a Kalkaji Mandir. Ɗakin ibadar Baha'i, na 1986, an gina shi kamar furen bado mai ganye 27 na farin marmara. Kyauta ne. Ana shigar da mutane rukuni-rukuni, a ciki benci ne kawai, babu hoto babu magana. Minti goma ya isa. A lokacin sanyi wajen ƙarfe biyar ake rufe ƙofa.

9. Magariba a Nizamuddin

Daga Kalkaji koma arewa a layin shunayya zuwa Jangpura ko JLN Stadium, ka hau oto. Ce masa "Nizamuddin Dargah" da kyau, in ba haka ba tashar jirgin ƙasa mai wannan sunan zai kai ka.

Nan hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya ne, wanda ya rasu a 1325, ga kabarin almajirinsa Amir Khusrau a kusa. Wanda ya saba da ziyarar hubbaren Shehu a Sakkwato ba zai ji baƙunta sosai ba, wanda kuma fahimtarsa ba ta tafi a kan haka ba, akwai masallaci a cikin harabar, babbar cibiyar 'yan Tabligh ma tana unguwar. Ranar Alhamis bayan magariba ake zaman qawwali, wato begensu da ganga da tafi.

Lungun shiga dogo ne kuma matsattse. Tun daga bakinsa masu shagon fure za su riƙa ce maka ka cire takalmi a nan. Ci gaba da tafiya har sai ka ga ainihin ƙofar, ko ka zuba shi a ledarka. Wanda ya bar takalmi a shago zai ji nauyin ƙin sayen fure da mayafin kabari. Rufe kai. Mata ba sa shiga ɗakin kabarin, daga bayan tagogin dutse suke tsayawa. Za ka iya haɗuwa da masu riƙe da babban littafi suna neman ka rubuta suna da adadin sadaka. Ba dole ba ne, kuma kada ka rubuta suna kafin ka yanke abin da za ka bayar. Waya da walat su koma aljihun gaba.

Wasu za su nemi ɗaukar hoto da kai, a nan da sauran wuraren, saboda baƙar fata da kaftani. Idan ka amsa wa ɗaya, goma na baya.

Duka-duka, jirgi da oto da takalmi da ruwan roba da abinci da kuɗin hoton Jama Masjid, rupi 1,500 zuwa 2,000 ya ishe mutum ɗaya kwana biyun. Fito daga lungun kafin a tashi gaba ɗaya, misalin ƙarfe tara, tun masu oto ba su ninka kuɗi ba, jirgi na ƙarshe kuma wajen sha ɗaya na dare yake tashi.